Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Sakkwato: wa ke auna wa tsofaffinmu insulin?

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Sakkwato, tare da shugabannin asibitocin da ke duba masu ciwon suga a jiharmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan Allah Ya yi riƙo da hannunku a kan wannan nauyi da aka ɗora muku, ni malamar makaranta ce a nan cikin birnin Sakkwato, kuma ban taɓa yin aikin asibiti ba. Abin da ya ba ni ƙarfin halin rubuto muku shi ne shekara biyu da na yi ina riƙe da sirinjin mahaifiyata, da kuma zaman layi da nake yi da ita a ranakun ganin likita, inda nake ganin sa'o'inta da dama suna karɓar kwalbar insulin da hannu suna lalubar bakin jaka kafin su jefa ta. Likita yana rubuta adadin da ya dace, mai ba da magani yana miƙa kwalbar da ta dace, amma awon kansa a gida ake yin sa, a cikin ɗaki mai ƙarancin haske, da idon da ciwon ya riga ya taɓa. A kan wannan awo nake son in ja hankalinku.

Inna ta haura shekara saba'in. Ta daɗe tana shan ƙwayoyi kafin a mayar da ita kan allurar insulin mai suna Mixtard, yunit 18 da safe da yunit 10 da yamma, kuma shekara huɗu ta yi tana yi wa kanta allura ba tare da wani ya sa mata hannu ba, har muna alfahari da ita a cikin dangi. Wata safiya cikin bazara aka kira ni daga makaranta. Na tarar da ita jingine da bango, zufa ta jiƙa mata riga, hannunta yana karkarwa, tana kallon mutane kamar ba ta taɓa ganin su ba. Wata maƙwabciya tana cewa a kira malam ya yi mata tofi, wata tana cewa ɓarin jiki ne ya kama ta. Da na gwada jininta sai na'urar ta nuna 46, alhali duk abin da ya yi ƙasa da 70 ma'aikatan lafiya faɗuwar suga suke kiran sa. Allah Ya taimake mu tana iya haɗiya, na dama mata suga ƙaramin cokali uku a ruwa, kafin minti goma sha biyar ta dawo hayyacinta tana tambayar mu, "Mi ya faru kunka taru?"

Bayan kwana biyu na zauna kusa da ita na roƙe ta ta zuƙo maganin safe a gabana. Ta ɗaga sirinjin sama wajen ƙofa, ta runtse ido ɗaya, ta kai shi har kusa da hancinta, ta ja, sannan ta miƙo mini tana cewa ga sha takwas nan. Yunit 26 ne. Na mayar da shi cikin kwalba na ce ta sake, wannan karon ya tsaya a 14. A karo na uku adadin ya yi kusa, amma iska ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke cikin sirinjin, ita kuma ba ta gan ta ba. Sai ta ajiye hannunta a cinya ta ce, "Ɗiyata, layukkan ga duk sun game mani, da daɗewa kintace ni kai." Ta ɓoye mana ne don kada ta zame mana nauyi, ta kuma ɓoye wa likita don babu wanda ya tambaye ta. A duk tsawon waɗannan watanni ana duba sakamakon gwajinta a ga yau ya hau gobe ya faɗi, har an taɓa yi mata faɗa a kan tuwo da fura, an kuma taɓa ƙara mata yunit biyu, alhali kuwa matsalar tana tsakanin idonta da layin sirinji. Ba zan ambaci asibitin ba, domin ma'aikatansa sun yi mata abin da suka saba yi wa kowa, kuma wannan sabon ne nake roƙon a gyara.

Duk wanda bai taɓa riƙe sirinjin insulin ba zai yi wuya ya gane ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Insulin da aka fi rubuta wa mutanenmu yana ɗauke da yunit 100 a cikin kowane mililita ɗaya, don haka yunit 18 na Inna bai cika ɗigo huɗu ba. Sirinji mai mililita ɗaya, wanda shi ne aka fi samu a kanti, sau da yawa kowane layi a jikinsa yunit biyu ne, kuma layukan sun yi kusa da juna kamar haƙoran mataji. Idan baƙin robar da ke ciki ya wuce inda ya kamata da faɗin ƙwayar gero biyu ko uku, an riga an canza abin da likita ya rubuta. Ƙwaya idan ka ƙirga biyu, biyu ce ko da idonka a rufe yake. Insulin kuwa sai an gani, kuma kuskurensa yana iya kayar da tsoho a banɗaki ya karye, ko ya sumar da shi cikin barci babu wanda ya sani.

Raunin gani kuwa abokin tafiyar wannan ciwo ne. Suga yana lalata ƙananan hanyoyin jini da ke bayan ido, yana kuma gaggauta fitowar yanar ido, ga shekaru su ma suna nasu aikin. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan. Waɗanda ba su kai ga makanta ba amma ba sa iya karanta ƙananan lambobi sun fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba, kuma su ne suka fi shiga haɗari, domin makaho kowa ya san sai an taimake shi, amma mai gani dishi-dishi yana zuwa asibiti da ƙafarsa, ya gaishe da likita da sunansa, a ɗauka lafiyarsa ƙalau.

Roƙona na farko ba ya bukatar kwangila ko sabon gini. Ina roƙon ma'aikatarku ta ba da umarni a rubuce cewa kada a sallami dattijo ko dattijuwa da insulin, ko sabon farawa ne ko tsohon hannu, sai ya zuƙo adadinsa a gaban ma'aikacin jinya da irin sirinjin da yake amfani da shi a gida, kuma a maimaita wannan gwaji aƙalla sau biyu a shekara, tunda idon da ya gani bara ba lallai ne ya gani bana ba. Tambayar "Baba, kana gani sosai?" ba ta wadatarwa, domin dattijon Basakkwace zai ce alhamdu lillahi ko da hannunsa ne kawai yake gani. A miƙa masa sirinji da kwalbar gwaji mai ruwa a ciki, a ce ya nuna. Aikin bai wuce minti uku ba. Idan ya kasa, sai a yi tambaya ta biyu, wadda ita ce kan maganar: wane ne zai riƙa auna masa a gida? A rubuta sunan wannan mutum a katin majinyaci, a kira shi a koya masa da hannu, kuma a koya wa mutum biyu, saboda 'yar da ke yi tana iya yin aure ko ta haihu, jikan da ke yi yana iya tafiya makarantar kwana. Mu a gidanmu ni ce da safe kafin in fita aiki, ɗan ƙanena mai shekara goma sha shida shi ne da yamma bayan ya taso daga Islamiyya, kuma ni na koya masa da abin da na tsinta nan da can. Da a ce ma'aikaciyar jinya ce ta zaunar da mu, da ba mu yi wata guda muna allura ba tare da sanin cewa Mixtard, mai kama da ruwan farau-farau, sai an murza kwalbarsa a hankali tsakanin tafin hannu biyu har ya haɗe kafin a zuƙa.

Sai maganar sirinji, wadda ta fi tayar mini da hankali. Akwai sirinjin da aka yi domin insulin mai ƙarfin 100, akwai kuma wanda aka yi domin mai ƙarfin 40, wato mai yunit 40 a kowane mililita, kuma lambobin da ke jikinsu ba abu ɗaya suke nufi ba. Idan aka ɗauki sirinjin 40 aka zuƙi insulin mai ƙarfin 100 har zuwa lamba 18, abin da zai shiga jiki yunit 45 ne, wato ninki biyu da rabi. Idan aka juya, aka zuƙi mai ƙarfin 40 da sirinjin 100, majinyaci zai samu ɗan abin da ya haura yunit 7 kawai, ya yi ta mamakin yadda sugansa ya ƙi sauka. Kamfanoni galibi suna bambanta su da launin murfi, ja ga na 40 da ruwan goro ga na 100, amma ja da ruwan goro a idon mai yana kusan abu ɗaya ne. Wata rana da namu suka ƙare na aika yaro wani kemis, ya dawo mini da sirinjin allurar zazzaɓi mai mililita biyu, aka ce masa duk ɗaya ne. Ni na gane na mayar. Ban san ko tsoffi nawa aka ba irinsa suka karɓa da godiya ba.

A kan wannan nake roƙon abu biyu. A zauna da Majalisar Masu Haɗa Magunguna ta Najeriya, wadda ita ke ba masu kemis lasisi, da kuma ƙungiyar masu kemis ɗin kansu, a fahimtar da su cewa duk inda aka ba da insulin sai an dubi lambar da ke jikin kwalba an haɗa ta da ta jikin sirinji. Sannan a sa shagunan magani na asibitocin gwamnati su riƙa ajiye ƙananan sirinji, na yunit 50 da na yunit 30, waɗanda layukansu suke yunit ɗaya-ɗaya kuma suka fi tazara da juna. Da yawa daga cikin tsofaffinmu ba sa kaiwa yunit 30 a allura ɗaya, don haka ba su da bukatar babban. Akwai kuma ɗan gilashin roba da ake maƙalawa a jikin sirinji yana ƙara girman lambobi, ba ya cin batir kuma ba ya lalacewa da wuri. Na zagaya shagunan magani da dama a garin nan ban same shi ba, sai da wani ɗan'uwa ya aiko mana da shi daga waje.

Abin da ya canza mana rayuwa, duk da haka, shi ne biron insulin. Kamar alƙalami yake, yana ɗauke da yunit 300, ana murɗa gindinsa har lambar da ake so ta bayyana a wata 'yar taga, kuma kowane murɗi yana yin ƙara "ƙas" da ake ji a kunne da kuma yatsa. Babu zuƙowa daga kwalba, babu neman layi. Inna tana murɗawa tana ƙirga kamar tana jan carbi, ta miƙo wa ɗayanmu ya dubi tagar ya tabbatar, sannan ta soka da kanta ta danna, ta ƙirga goma kafin ta zare. Wannan kaɗai ya dawo mata da wani abu na mutuncinta, domin ba ƙaramin ciwo ba ne ga macen da ta yi rainon 'ya'ya takwas a ce sai jika ya ɗaga mata riga ya yi mata allura. Amma dole in faɗi iyakarsa, don kada a ce na yi wa kaya talla. Kamfanonin da ke yin sa da kansu sun rubuta cewa mai raunin gani kada ya yi amfani da shi sai da taimakon mai gani da aka koya wa, akwai kuma wasu nau'o'in da murɗi ɗaya ba yunit ɗaya ba ne, sannan kafin kowace allura sai an fitar da yunit biyu a iska an ga ɗigo a bakin allurar, abin da mai yana ba zai gani ba. Biro yana rage kuskure sosai, amma bai ɗauke bukatar mutum na biyu ba.

Matsalarsa kuɗi ce. Ya fi kwalba tsada, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin insulin kowane iri ya yi tashin gwauron zabo, har na san gidajen da ake rage adadin da likita ya rubuta don kwalba ta kai ƙarshen wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da insulin na biro cikin jerin muhimman magungunanta a 2023, kuma dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta lissafa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. Ba na cewa a ba kowane mai ciwon suga biro, na san aljihun gwamnati ba zai ɗauka ba. Ina cewa a ware waɗanda suka kasa gwajin nan na minti uku, a sa hukumar inshorar lafiya ta jiha, SOCHEMA, ta ɗauki nauyin bambancin kuɗin a gare su, a kuma nemi Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, wadda ta saba taimaka wa marasa lafiya, ta shigo da nata hannun ga wanda ba ya cikin inshora. Kwana biyu a gadon asibiti bayan suma yana iya fin wannan bambanci tsada.

Akwai kuma tsofaffin da ba su da kowa kusa, kamar gwauruwar da 'ya'yanta ke ci-rani a kudu, ko dattijon da matarsa ita ma ba ta gani. Ga irin waɗannan, asibitin matakin farko na mazaɓa ne ya fi kusa. Ana iya tsara yadda ma'aikacin lafiya zai zuƙo musu allurar 'yan kwanaki a sirinji daban-daban, na safe a gwangwani ɗaya na yamma a wani, a ɗaura wa gwangwanin safe roba ko zare yadda hannu zai bambanta su. Ba kowane insulin ne ke jure wannan ba, Lantus misali ba a ajiye shi a cikin sirinji, shi ya sa ya kamata tsarin ya fito daga ma'aikatarku da ƙa'idojinsa, kada kowa ya yi nasa. Ɗaliban kwalejin koyon aikin jinya da na kwalejin kimiyyar lafiya ta Gwadabawa, waɗanda dama ake tura su aikin koyo a cikin al'umma, za su iya riƙa leƙa irin waɗannan gidaje.

Zafi ma yana shiga cikin awo, domin insulin da rana ta dafa ya rage ƙarfi, ko an auna daidai bai cika ba. Wanda ba a buɗe ba firji yake so, tsakanin digiri 2 da 8, kuma kada ya daskare. Wanda aka buɗe yana yin kimanin mako huɗu a wuri mai sanyi. Wani bincike da Jami'ar Janiba ta yi tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa insulin ya riƙe ƙarfinsa na mako huɗu a yanayin sansanin 'yan gudun hijira na arewacin Kenya, inda zafi ke kai-kawo tsakanin digiri 25 da 37. Amma mu a nan watan Afrilu yana wuce 40, kuma halin wutar lantarki kun fi ni sani. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa daga Jihar Jigawa, ita muke amfani da ita a gindin randa, kwalbar tana cikin leda don kada ruwa ya goge rubutunta. Ya kamata a riƙa nuna ta a ɗakin jiran likita.

Game da ido kuwa, abin takaici ne mutum ya yi shekara goma yana zuwa asibiti don suga ba a taɓa tura shi an ɗiga masa magani an duba bayan idonsa ba, alhali ƙa'ida ita ce sau ɗaya a shekara. Da aka duba Inna, sai aka ga yana ce mafi yawan matsalarta, aka yi mata aiki a ido ɗaya, yanzu tana karanta lambar da ke tagar bironta idan akwai haske. Jiharmu tana da likitocin ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kuma Asibitin Ƙwararru, ta kuma daɗe tana aikin ido tare da ƙungiyar Sightsavers. Abin da ya rage shi ne takardar turawa ta zama wajibi, kuma a ba mai amfani da insulin fifiko a layin aikin yana.

Ina kuma roƙon a yi amfani da Rediyon Rima da malamanmu, musamman kafin azumi, lokacin da ake canza wa majinyata adadi da lokacin allura, wanda shi ne lokacin da tsoho ya fi rikicewa. Mutane da yawa ba su san cewa gwada jini da rana ba ya karya azumi ba, ko cewa wanda sugansa ya faɗi ƙasa da 70 dole ne ya karya azumi nan take, kuma ba su san ba a ɗura wa wanda ya suma komai a baki, asibiti ake kai shi. Magana ɗaya daga limamin unguwa ta fi takardar sanarwa ɗari shiga kunnen Inna da ƙawayenta.

Ranka ya daɗe, idan duk waɗannan sun yi yawa a lokaci guda, a fara da gwajin minti ukun nan a asibiti ɗaya na tsawon wata uku, a ƙirga tsofaffi nawa ne suka zuƙo daidai, nawa suka kauce, da kuma da yunit nawa suka kauce, sannan a kawo muku lissafin a kan teburinku. Idan ana bukatar wanda zai nuna wa ma'aikata yadda abin yake a gida, ni da Inna a shirye muke mu zo, kuma har yanzu ina ajiye da sirinjin da ta zuƙo yunit 26 da shi.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalamu alaikum.

Taku,
Wata malamar makaranta,
Birnin Sakkwato.